Da wacce zan koya, mai kuloci ko atomatik? Amsar maigida ga yaronsa

Yaro, ka ce da ni: "Maigida, tunda atomatik ta fi sauƙi, kuma kullum ƙaruwa take yi a titi, me zai hana in koya da ita, in karɓi lasin da ita, in huta da wahalar kuloci?" Ban ji lalaci a tambayarka ba, lissafi na ji. To ga nawa lissafin. Kai da kake son tuƙi ya zama abincinka, da mai giyar hannu za ka koya, da ita kuma za ka shiga jarrabawa. Amma ba don abin da wasu direbobi ke faɗa ba, wai wanda bai iya kuloci ba ba direba ba ne. Wannan cika baki ne. Akwai gwanayen canza giya da ba zan yarda su ɗauki iyalina ba, domin idonsu ba ya kan titi.

Bari mu fara da takarda, don ita ke ɗaure mutum tun kafin ya ankara. A ƙasashe da yawa, motar da ka ci jarrabawa da ita ce ke yanke irin motar da doka ta yarda ka tuƙa. A Birtaniya, in da atomatik ka ci, lasinka na atomatik ne kaɗai, kuma lamba 78 ce alamar wannan takunkumin. Ƙasashen Tarayyar Turai ma da ita suke aiki. Ranar da ka hau mai kuloci da irin wannan lasin ka karya doka, in kuma tsautsayi ya gitta kamfanin inshora na iya zame jiki ya bar ka da ɗawainiya. A Birtaniya ba a cire takunkumin sai ka koma ka sake gwajin titi da mai giyar hannu. Wanda ya ci da giyar hannu kuwa, duka biyun nasa ne. Afirka ta Kudu haka take yi, Japan ma tun 1991 take da lasin na atomatik zalla. Amurka ba ta bambantawa a lasin ƙananan motoci, amma a na manyan motocin kasuwanci, wanda aka gwada da atomatik ana buga masa harafin E, ma'ana ba shi ba mai giyar hannu. Wasu kuma sun sassauta. Suwizalan ta cire takunkumin a 2019. Jamus tun 2021 ta buɗe wata ƙofa: ka yi darasi goma na minti 45 da mai kuloci, malaminka ya zagaya da kai na minti 15 ya tabbatar ka iya, sannan ka yi jarrabawa da atomatik ka fito da lasin da ba takunkumi. Saboda haka kafin ka biya kowace makarantar tuƙi ko sisi, ka je ofishin da ke ba da lasin ka ji ƙa'idarsu daga bakinsu, ba daga bakin mai neman kuɗinka ba.

Ko a inda takarda ba ta ɗaure ka ba, aiki zai ɗaure ka. Sabon direba ba a ba shi sabuwar mota. Wadda ta sha jiki ake fara miƙa masa makullinta, ƙaramar bas ko ta ɗaukar kaya, kuma irin waɗannan da yawansu masu kuloci ne. Mai mota ba zai canza motarsa don kai ba, wani zai kira.

Yanzu ga abin da kake tsoro, kulocin kansa. Muddin injin na kunne juyawa yake yi, taya kuwa wani lokaci a tsaye take. Dole a sami abin da zai haɗa su ya kuma raba su ba tare da injin ya mutu ba. Faranti ne a matse tsakanin fulawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da injin, da wani faranti mai sifirin. Ka taka feda, matsin ya saki, injin ya rabu da giya. Ka ɗaga ƙafa, su sake kamuwa. Tsakanin nan biyu akwai wani ɗan wuri inda farantin yake fara kamawa: ƙarar injin za ta ɗan faɗi, motar ta yi ɗan rawa tana neman tafiya. Duk wahalar da ake ba ka labari a wannan ɗan wurin take. Wanda ƙafarsa ta gane shi ya gama rabin aiki, sauran giyoyin ba su da wuya, domin mota in ta riga ta ɗauki tafiya tana yafe kuskure.

Yadda zan koya maka shi ne a fili shimfiɗaɗɗe da ba kowa. Giya ta ɗaya, ƙafar dama ba ta taɓa totur ko kaɗan. Ka saki kuloci sannu a hankali har motar ta motsa, ka riƙe ƙafar a nan, ka bar ta ta ɗan gangara, ka sake takawa, ka taka birki ka tsaya. Ka maimaita har ka gaji, ka huta, ka sake. Za ta mutu maka, kuma ba sau ɗaya ba. Ba abin kunya ba ne, ka saki da sauri ne nauyin mota ya fi ƙarfin injin da ke juyawa a hankali. Abin da ba na so shi ne ruɗewa: ta mutu, taka birki, taka kuloci, mayar da ita firi, tayar, duba madubi, sannan ka tashi. Masu jarrabawa sun saba ganin mota ta mutu, abin da ka yi bayan ta mutu suke kallo, da kuma ko ka jefa wani cikin haɗari.

Sai tashi a kan tudu, inda sababbin hannu ke zufa. Ja birkin hannu, sa giya ta ɗaya, ba ta ɗan totur, ɗago kuloci zuwa wurin kamu har ka ji motar tana jan birkin, sannan ka sauke shi a hankali. Ba za ta koma baya ko taku ɗaya ba. Kada ka koyi riƙe mota a tudu da rabin kuloci, ko da ka ga manya suna yi suna burgewa. Farantin ne ke goguwa yana cinyewa, wannan ƙaurin da kake ji a cunkoso shi ne. Haka ma ɗora ƙafa a kan fedar kuloci ana cikin tafiya. Ko nauyin takalmi ya isa ya rage masa kwana. In tsayuwa za ta yi tsawo a danja, sa firi ka ɗauke ƙafa.

Kada kuma ka ɗauka atomatik ba ta da nata karatun. Tun da kamfanin General Motors ya sa ta a motocin Oldsmobile na 1940 ake ta gyara ta, amma a mafi yawansu asalin dabarar ɗaya ce: mai ne ke kai ƙarfin injin zuwa giya a madadin farantin da kake takawa. Ka ɗauki fanka biyu suna fuskantar juna, ka kunna ɗaya, iskarta ta juya ɗayar. Sai dai a nan a cikin mai suke, a rufe. Shi ya sa ba ta mutuwa in ka tsaya, shi ya sa kuma take rarrafe da kanta da zarar ka ɗauke ƙafa daga birki tana kan D, giyar gaba, ko R, giyar baya. Wannan rarrafen alheri ne a cunkoso, masifa ne ga wanda ya juya yana magana da na baya.

Ƙafa ɗaya ake tuƙa ta da ita, ta dama. Ta hagu ta zauna a gefe ta yi shiru. Babban haɗarinta shi ne mutum ya firgita ya danna totur yana zaton birki ne. A mai kuloci sau da yawa ƙafar hagu ko mutuwar injin na ceton mai wannan kuskuren, atomatik kuwa za ta yi abin da ka ce mata da dukkan ƙarfinta. Don haka in kana ribas ko shiga wurin ajiya, ƙafarka ta zauna a kan birki, ka bar rarrafen ya yi aikin. Kada ka jefa ta R ko P, giyar ajiye mota, sai ta tsaya cak. P ɗin nan wata 'yar ƙugiya ce ta ƙarfe da ke shiga haƙorin giya, ba a yi ta don ɗaukar nauyin mota a gangare ba. Ja birkin hannu tukuna, nauyin ya zauna a kansa, sannan ka sa P. In batir ya mutu ba a tura ta a tayar kamar mai kuloci. Ba a kuma jan ta tafiya mai nisa tayoyin da ke ja suna ƙasa, domin injin ne ke juya famfon man giya. Injin a kashe, giya na juyawa a bushe. Man ma kowace da nata, wanda aka rubuta a littafin motar, musamman masu CVT, wato giyar da ke canzawa ba mataki-mataki ba, da masu kuloci biyu da kwamfuta ke sarrafawa.

Doguwar gangara ita ce wurin da na fi son wanda ya fara da giyar hannu. Ya riga ya ji a jikinsa yadda ƙaramar giya ke riƙe mota. Wanda bai san wannan ba zai kwanta a kan birki tun daga sama, birkin ya ɗau zafi, ya taka ya ji ba kamu. Atomatik ma tana da wannan maganin, shi ne L ko 2 ko alamar ragi da ke jikin sandar giya, sai dai da yawa sun shekara suna tuƙi ba su taɓa kai hannu wurin ba. Sa mota a firi a gangara don tsimin mai kuwa, a kowace iri ce, kada in gani kada in ji. Motocin yanzu da kansu suke yanke mai in ka ɗauke ƙafa daga totur tana cikin giya, ka ga ba ka tsimi komai ba, ikon motar kawai ka zubar.

Maganar shan mai da tsofaffi ke yi wa atomatik gori da ita ta tsufa. Gaskiya ce a zamanin masu giya uku da huɗu. Na yanzu masu giya takwas har goma sukan yi daidai da mai kuloci, wani lokaci su fi ta.

Game da jarrabawa, kada ka yi zaton atomatik ce hanyar ci. Hukumar da ke gwada direbobi a Birtaniya tana fitar da jerin kurakuran da suka fi kayar da mutane, kuma na kan gaba shi ne rashin duba da kyau a mararraba, mai bi masa rashin duba madubi kafin canza hannu. Babu ruwan waɗannan da giya. Alƙalumansu ma sun nuna masu gwaji da atomatik sun fi faɗuwa. A ganina dalilin shi ne, motar kan tafi lafiya tun makon farko, sai mutum ya ɗauka ya iya, ya yi gaggawar shiga gwaji alhali idonsa bai nuna ba. Kulocin da kake gudu yana tsawaita zamanka a hannun malami, kuma a wannan zaman ne kake koyon karanta titi: mai babur da zai kutso ta gefenka, yaron da ke bayan motar da aka ajiye, direban da ya kunna sigina ta dama ya karya hagu.

Akwai waɗanda in sun zo mini zan ce su tafi atomatik kai tsaye, ba kuma da raini ba. Mai ciwon ƙafar hagu ko gwiwa. Wanda motar gidansu atomatik ce, ita kaɗai zai tuƙa, kullum cikin cunkoson gari. Wanda ya manyanta kafin ya fara, tsoro ya yi masa yawa, in an rage masa aikin ƙafa da hannu hankalinsa zai koma kan titi. Ga shi kuma motocin lantarki ba su da kuloci, yawancinsu giya ɗaya ce tak, kuma inda ake bambantawa a matsayin atomatik ake lissafa su a gwaji. Manyan motoci ma sun bi sahu. Tun 2001 Volvo ke sa wa nata giyar I-Shift mai canza kanta. Na san inda duniya ta dosa. Amma mota tana daɗewa a titi, tana wucewa daga hannu zuwa hannu, kuma masu kulocin da ke aiki yau ba za su ƙare kafin ka gama ƙuruciyarka ba.

Sauka daga giyar hannu zuwa atomatik aikin yini ne. Abu ɗaya za ka kiyaye, ƙafar hagu da ta saba za ta tafi neman kuloci ta faɗa kan faffaɗar fedar birki, ka kifa fasinja a kan gilashi; ka lanƙwashe ta baya a kwanakin farko har ta haƙura. Hawa daga atomatik zuwa giyar hannu kuwa sabon koyo ne, ga kuɗin darasi na biyu, a wasu ƙasashen ga jarrabawa ta biyu.

Ka fara neman takardar izinin koyo kafin mu fita titi, ban yarda da koyon ɓoye ba. In ka je makarantar, tambaye su ko motar da za ka koya da ita ce za ka shiga gwaji da ita, domin kowane kuloci da wurin kamunsa, na wata a ƙasa na wata a sama. Ranar da za mu shiga fili ka zo da takalmi rufaffe mai siririn ƙasa, ba silifa ba, don ka riƙa jin fedar a tafin ƙafarka, ka kuma gyara kujera yadda za ka danna kuloci har ƙasa gwiwarka na ɗan lanƙwashe.