Amsa kan ƙaruwar nauyi bayan gudun fanfalaki

Ɗan'uwa, ka ce bayan gudun fanfalaki ka hau sikeli ka tarar nauyinka ya ƙaru, har hankalinka ya tashi. Yawancin ƙarin makon farko ruwa ne, domin tsokar da ta sha wahalar kilomita 42 tana kumbura yayin warkewa, kuma kowane giram na sukarin da jiki ke sake ajiyewa a cikinta yana riƙe kusan giram 3 na ruwa. Saboda haka kada ka rage ci yanzu. Ka yawaita ƙwai, kifi, wake da kayan lambu. Abin da nake jiye maka shi ne makonnin da ke tafe, lokacin da atisaye ya ragu amma ciki bai daina neman babban faranti ba. A lokacin ne za ka rage zaƙi da maiƙo sannu a hankali.