Bakin Baba ya karkace ya dawo: asfirin za mu saya ko na'urar awo?

Tambaya: Mahaifina yana da hawan jini. Makon jiya bayan sallar asuba bakinsa ya karkace, maganarsa ta sarƙe, amma cikin minti 15 ya dawo daidai. Yayana ya ce mu sayi asfirin mu ajiye, ni kuwa na fi son na'urar auna hawan jini. Wanne ya fi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kafin maganar saye, ku kai shi asibiti yau, domin abin da kika bayyana yana nuna cewa jini ya ɗan yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwarsa, kuma irin wannan yakan zo gabanin cikakkiyar shanyewar ɓarin jiki.

Ban goyi bayan ajiye asfirin ba. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko dai gudan jini ya toshe jijiya, ko jijiyar ta fashe jini ya malala a ƙwaƙwalwa. Alamunsu kan yi kama, sai hoton ƙwaƙwalwa da ake ɗauka a asibiti, irin na na'urar CT, ne ke rarrabe su, kuma idan fashewa ce asfirin ƙara zubar jinin zai yi. Ku bar wa likita wannan hukunci.

Na'urar kuwa ta cancanci kuɗinki, amma ki zaɓi wadda ake ɗaurawa a damtse, domin ta fi ta wuyan hannu sahihanci, kuma ki tabbatar maɗaurin ya dace da kaurin hannun Baba. Ya zauna minti 5 kafin awo, ki rubuta sakamakon, idan yana yawan kaiwa 140/90 ki nuna wa likitansa.

Idan abin ya sake faruwa, kada ki tsaya awo. Ki ce ya yi murmushi, ya ɗaga hannayensa biyu, ya faɗi sunansa. Idan baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya faɗi, ko harshe ya yi nauyi, ki duba agogo ki riƙe lokacin da abin ya fara, ku tafi asibiti, domin allurar narkar da gudan jini a cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta. Kada a ba shi ruwa ko rubutu, saboda haɗiya takan gagara ya shaƙe. Addu'a a yi ta a hanya. Tun yanzu ku binciki asibitin da ke da na'urar CT kusa da ku, ku kuma ware kuɗin mota.