Hukuncin ci gaba da magana da ɓangarori biyu a yaƙin Sudan

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni Bakatsine ne, ina karatu a Khartum yaƙi ya koro mu gida a 2023. Har yau ina waya da abokaina 'yan Sudan, wasu na bayan soja, wasu na bayan dakarun RSF, rundunar da ke yaƙi da sojan, kuma nakan shiga tsakani idan zagi ya kaure. Wani ɗan'uwa ya ce magana da mai goyon bayan azzalumi karkata ce ga zalunci, in yanke su. Ɗaya daga cikinsu kuma ya roƙe ni kuɗi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Sasanta Musulmi biyu ibada ce, babu saɓani, ayar Suratul Hujurati da ta yi umarni da sasanta muminai ka san ta.

Shi ɗan'uwan naka ayar Suratu Hud da ta hana karkata ga azzalumai yake nufi, amma ya ɗora ta inda ba ta zauna ba. Karkatar da aka hana ita ce zuciya ta yarda da zaluncin, ko hannu ya taya shi. Da magana kaɗai karkata ce, da ba a aiki Annabi Musa wurin Fir'auna da lafazi mai laushi ba. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya zauna da Suhailu bn Amru yana mushiriki, har aka rubuta yarjejeniya. Ibn Abbas ya taka da ƙafarsa zuwa wurin Khawarijawa, waɗanda suka ɓalle daga rundunar Sayyidina Ali, ya yi musu bayani, dubbai suka dawo. To ina ga abokin da kuka ci wake kwano ɗaya, wanda watakila tsoro ko kishin dangi ne ke magana da bakinsa? In an ce ai soja da RSF sun zauna teburin sulhu a Jidda a watan Mayun 2023 kuma wuta ba ta mutu ba, sai mu ce karya alkawari laifin wanda ya karya ne, ba ya haramta zaman.

Inda na tsaya shi ne kuɗin nan da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba. Tambaye shi: na mene ne? In abinci ne ko magani ga iyali, ka bayar, sadaka ce, ko wane ɓangare danginsa suke. In shi kansa yana riƙe da makami, ko kana da rinjayen zaton kuɗin zai isa hannun mayaƙa, haramun ne, ko naira ɗaya.

Kada neman sulhu ya sa ka ce wa kisan farar hula daidai ne don a ji daɗinka. Ka bar tura bidiyon gawawwaki, kuma labarin da ba ka tabbatar ba ya mutu a wayarka. Ina kuma jin ƙanshin kwana kan waya a tambayarka; in musun ya fara cinye maka Asuba, rage shi zuwa sau ɗaya a mako.

Wallahu a'alam.