Tambaya da Amsa: Ajiye Murya Daidai da Motsin Baki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa bidiyon biki da Premiere Pro. Nakan naɗi muryar mai jawabi da rikoda daban, amma in na ja ta ƙarƙashin hoto, ko dai ta riga baki ko ta biyo shi a baya. Wani lokacin farkon ya dace, can wajen minti 40 sai ta kuɓuce. Ina mafita?
Daga mai karatu a Unguwar Rogo, Jos

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Matsala biyu ka kawo, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Da farko, daina auna wuri da ido. Danna lambobin da ke sama ta hagu a layin lokaci (Timeline, inda ake jera hoto da sauti), ka rubuta inda kake so, misali 00:03:12:10, wato minti 3, daƙiƙa 12, firem 10 (firem shi ne hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke yin bidiyo), ka buga Enter. Sandar kunnawa za ta tsaya cak a wurin. Kunna maganaɗisu (Snap, mai sa guntaye su manne) da harafin S in a kashe yake, sai ka jawo guntun sautin, bakinsa zai manne wa sandar da kansa. In ya rage kaɗan, riƙe Alt (Command a Mac) ka buga kibiyar hagu ko dama, zai matsa firem ɗaya.

Amma ta yaya za ka san wurin? Kafin a fara jawabi, sa wani ya tafa hannu sau ɗaya gaban kyamara, rikoda na aiki. A hoton sautin za ka ga wani dogon tsini. Shi za ka daidaita da firem ɗin da tafukan suka haɗu. Kada ka dogara da makirufon kyamara in tana can ƙarshen zaure. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka nisan mita 14 kawai ya isa ya makarar da shi firem guda.

Wani lokacin firem ɗaya ma ya yi girma. A bidiyo mai firem 25 a daƙiƙa, kowane firem kashi 40 ne cikin 1,000 na daƙiƙa, kuma wurin da kake nema na iya faɗawa tsakanin firem biyu. Buɗe 'yan layuka ukun nan da ke gefen sunan aikinka a saman layin lokaci, ka zaɓi Show Audio Time Units. Yanzu kowane firem ya kasu gida 1,920, in aikinka na kasa kowace daƙiƙar sauti gida 48,000 (48 kHz). Zuƙo sosai ka matsar. In ka gama ka kashe shi, domin yanka hoto a wannan yanayi akwai ruɗarwa.

Kuɓucewar da kake gani a minti 40 kuwa ba laifin hannunka ba ne. In da waya aka ɗauki hoton, yawancin wayoyi ba sa riƙe adadin firem ɗaya, sai ya hau ya sauka. Bi da fayil ɗin ta HandBrake, manhajar sauya fayil ɗin bidiyo, ka zaɓi Constant Framerate, wato adadin firem tsayayye, kafin ka shigar da shi. In kuma kyamara ce, to agogonta da na rikoda ne suka ɗan saɓa. Yanka sautin inda mai jawabi ya ja numfashi, kamar duk bayan minti 10, ka gyara kowane yanki da kibiya. A aiki na gaba ka saita rikodar ta ajiye sauti a tsarin WAV, domin MP3 kan ƙara ɗan shiru a farkon fayil.