Tambaya da amsa: Ko laftof zai iya zama monitar ƙaramar kwamfutar tebur?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Jega, jihar Kebbi. Bayan an tashi nakan buga wa mutane takardu, in cike wa ɗalibai fom a intanet. Ƙanena ya kawo mini wata ƙaramar kwamfutar tebur ta hannu, HP EliteDesk Mini, girmanta bai wuce na littafi ba, sai dai ba ta zo da monita ba. Ina da tsohon laftof da ya yi nauyi wajen aiki, amma sikirin ɗinsa garau yake. Na sayi wayar HDMI na haɗa su, ko alamar hoto ban gani ba. Wayar ce ba ta da kyau, ko akwai abin da ya kamata in danna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wayarka lafiyarta ƙalau, kuma ko ka sauya goma haka za ka gani, don haka kada ka ƙara kashe ko kwabo a kan waya. Ramin HDMI da ke jikin laftof kamar indararo yake, ruwa fita yake yi ta nan, ba ya shiga. An yi shi ne domin laftof ya tura hotonsa zuwa talabijin ko majigi. Ita ma ƙaramar kwamfutar turawa take yi. Ka ga ke nan ka haɗa masu bayarwa biyu, babu mai karɓa.

Da za ka zo shagona a Birnin Kebbi in kwance maka laftof, za ka ga wata siririyar waya mai faɗi ta taso daga bod, wato babban allon kayan lantarkin da ke cikinsa, ta ratsa ta cikin maƙallin da murfin ke juyawa a kansa, ta lafe a bayan gilashin. Bakinta na da 'yan ƙananan haƙora 30 ko 40. Ita kaɗai ce hanyar da hoto ke bi ya isa sikirin, kuma babu abin da ya haɗa ta da ramin HDMI. An taɓa yin wasu 'yan tsirarun laftof na masu wasan gem, irin su Alienware M18x, da ke da ramin shigar hoto, amma da wuya ka ci karo da su a kasuwanninmu. Kusan duk wata sai wani ya shigo mini da waya biyu ko uku a leda yana cewa an sayar masa da jabu, alhali duk masu kyau ne. Abin yana damuna, domin kuɗin da mutum ya tara da guminsa ne ke tafiya a banza.

Duk da haka buƙatarka za ta biya, ta wata ƙofar. Ga irin aikinka na rubutu da cike fom, abin da nake ba ka shawara shi ne Remote Desktop, wanda ke cikin Windows tun asali, ba sai ka sayi manhaja ba. Yadda yake aiki shi ne, ƙaramar kwamfutar ce za ta yi duk wahalar lissafi, laftof kuma ya zama taga kawai: yana nuna maka abin da ke faruwa, yana kai mata abin da ka buga a kibod da motsin maus. Shi ya sa nauyin tsohon laftof ɗinka ba zai hana komai ba, aikin da ya rage masa kaɗan ne.

Sharaɗinsa guda, dole Windows ɗin ƙaramar ya zama Pro. Wanda ake kira Home ba ya yarda a shigo masa ta wannan hanya. Shi laftof kuwa ko wanne iri ne a kansa zai yi. Irin waɗannan ƙananan kwamfutoci na ofis, EliteDesk na HP, OptiPlex Micro na Dell da ThinkCentre Tiny na Lenovo, yawanci da Pro suke zuwa, saboda haka ina kyautata zaton ka dace.

A karon farko sai ka nemi aron talabijin mai HDMI, ko na gida ko na maƙwabci, na awa ɗaya. Ka haɗa ƙaramar da shi, ka sa mata kibod da maus. Ka shiga Settings, sai System, sai About, a nan za ka ga ko Pro ne, ka kuma rubuta sunan kwamfutar a takarda. Daga nan ka nemi Remote Desktop a cikin System ɗin, ka kunna. Abubuwa biyu ne mutane ke mantawa, su dawo suna cewa ya ƙi. Na farko, dole asusunka ya kasance da kalmar sirri ta ainihi, lambar PIN ba ta shiga daga nesa, asusu marar kalmar sirri ma ba ya shiga. Na biyu, ka hana kwamfutar yin barci a saitin wuta, domin in ta yi barci laftof zai yi ta sallama babu amsa.

Sai haɗa su. Mafi inganci ita ce wayar netwok, wadda bakinta ke yin ƙas in ka tura ta cikin rami. Ka sa baki ɗaya a laftof, ɗaya a ƙaramar, kai tsaye. Ka ba su kamar minti ɗaya, Windows zai ba kowacce adireshi da kansa, mai farawa da 169.254. A laftof ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta mstsc, ka sa sunan da ka rubuta a takarda. In sunan ya ƙi, adireshin za ka sa a madadinsa, kuma ana ganinsa ne in an rubuta ipconfig a cikin Command Prompt (tagar rubuta umarni) na ƙaramar, tun talabijin na haɗe da ita. Ni a shago nakan ba su adireshi na dindindin, misali 192.168.10.1 da 192.168.10.2, don kada ya riƙa sauyawa. Za ka iya kuma sa su duka a kan MiFi ɗaya. Hoton da ke yawo tsakaninsu a cikin ɗaki yake tsayawa, ba ya cin datarka, sai dai waya ta fi santsi. Firinta da filas kuwa a jikin ƙaramar za ka soka su, tunda ita ce mai aikin.

Inda wannan hanya ta gaza shi ne ba ta nuna komai sai Windows ya gama tashi. Ranar da kwamfutar ta maƙale a farko, ko kana son shiga BIOS, wato saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ya tashi, ko sake ɗora Windows, laftof ba zai gan ta ba.

Nan ne amfanin wata 'yar na'ura da 'yan kasuwa ke kira kafca. Ba ta fi filas girma da yawa ba, gefe ɗaya ramin HDMI, ɗaya gefen bakin USB. Wayar nan da ka riga ka saya sai ta fito daga ƙaramar ta shiga kafca, kafca kuma ta shiga laftof. Laftof zai ɗauke ta a matsayin kyamara, ka buɗe manhajar Camera ko OBS Studio, wadda kyauta ce, sai ga fuskar ƙaramar kwamfutar tun daga tambarin HP. Amma kibod ɗin laftof ba zai taɓa ta ba, sai ka sa mata nata daban. Kuma akwai ɗan jinkiri: ka motsa maus, kibiyar ta biyo baya kaɗan, ƙananan haruffa su yi dishi-dishi. Masu araha da yawa an rubuta musu USB 3.0, har da shuɗin baki, alhali cikinsu 2.0 ne, ba sa wuce hoto 30 a daƙiƙa a kan ingancin hoto na 1080p. Don gyara da saiti tana da daɗi ƙwarai, kullum akwai ɗaya a aljihun jakata. Amma ba zan so ka wuni kana buga jarrabawar ɗalibai ta cikinta ba, idonka zai gaji, tsohon laftof ɗin ma zai yi zafi.

Akwai hanyar tura hoto ta iska da Windows 10 da 11 ke da ita, da manhajoji irin su AnyDesk. Ta farkon tana buƙatar ka fara danna umarni a kan ƙaramar, wadda ba ka ganin fuskarta, ta biyun kuma ta fi dogara da intanet. Ban ga abin da za su ƙara maka ba.

Wani zai ce maka a ciro sikirin ɗin a saya masa bod na musamman ya zama monita. Ana yi, kuma yana aiki: a duba lambar da ke manne a bayan gilashin, irin su LP156WH4, a nemo bod ɗin da ya dace da ita, a ba shi wuta 12V. Amma wannan na laftof ɗin da ya riga ya mutu ne. Naka da ransa, kada ka bari a farke shi. In Allah ya hore maka nan gaba, monita ta hannu mai inci 19 ko 22 ta fi duk waɗannan dabaru kwanciyar hankali.

Abu ɗaya da nake roƙonka kada ka yi sakaci da shi, wuta. Ka saba da laftof, in an ɗauke wuta batiri ya riƙe ka. Ita ƙaramar ba ta da batiri ko kaɗan, tana tsakiyar fom ɗin ɗalibi za ta mutu, laftof ya bar ka da saƙon cewa hulɗa ta yanke. Abin daɗin shi ne ba ta da ci, yawancinsu cajarsu wat 65 ce, ƙaramin UPS, wato na'ura mai batiri da ke riƙe wuta in an ɗauke, ko solar gida zai ɗauke ta. Ka ɗora ta a sarari inda iska ke ratsawa, musamman a zafin Maris da Afrilu, kuma in hunturu ya wuce ka zare murfinta, ƙusa ɗaya ce a baya, ka hure ƙurar da ta taru a fanka.