Zan iya haɗa batirin litiyam da batirin motata mai ruwa?

Tambaya: Ina da bas da nake sayar da lemo a cikinta ranar kasuwa. Na sayi batirin litiyam mai amfiya 100 saboda firij. Mai wayarin ya ce a ja waya daga batirin motar zuwa gare shi, su riƙa caji tare. Hakan ya yi?

Amsa: Malam, kada ka yarda a haɗa su kai tsaye. Mota ɗaya za ta ɗauki duka biyun, amma sai da na'ura a tsakaninsu.

Kowanne an rubuta masa bolt 12, sai dai halinsu ya bambanta. Batir mai ruwa in ya cika ya huta, wajen 12.6 yake tsayawa, litiyam irin LiFePO4 kuwa wajen 13.3. Kana kashe mota litiyam ɗin zai fara tsiyaye wutarsa cikin na motar. In ka zo tayar da inji kuma, za a fizgi wuta mai yawa ta wayar da ba a yi ta don haka ba, ta ɗau zafi, har ta iya kamawa.

Abin da ya fi damuna shi ne altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji in inji yana aiki. Batir mai ruwa yana rage jan wuta da kansa yayin da yake cika. Litiyam ba ya haka, duk abin da aka ba shi zai zuƙe har sai ya kusa cika. To ga ka a cunkoso, inji na juyawa a hankali, fankar altaneta ba ta ba ta iskar kirki, ga rana tana dukan bonet, ita kuwa tana aiki iyakar ƙarfinta. Haka take ƙonewa.

Maganin shi ne caja da ake kira DC-DC. Ita ke ɗaukar wuta daga batirin mota, ta taƙaita ta, ta ba litiyam bolt 14.2 zuwa 14.6 da yake buƙata, ta kuma raba su in an kashe inji. Mai amfiya 20 ko 30 ta ishe ka. A yi amfani da waya mai kauri, a sa fiyus kusa da kan kowane batir.

Batirin motar ka bar shi a mazauninsa, kada ka maye gurbinsa da litiyam. Litiyam yana da kariya a cikinsa, BMS, mai yanke caji farat ɗaya, kuma mai ruwan ne ke shanye tashin wutar da ke biyo baya. Shi litiyam ɗin a ajiye shi cikin mota inda iska ke ratsawa, nesa da inji, domin ba a so a yi masa caji in zafinsa ya haura digiri 45.