Amsa ga ɗana kan rubuta wa iyali waƙa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kana so ka rubuta wa iyalinka waƙa don cikarku shekara biyar da aure, amma kana jin nauyi, ba ka san ko abin ya dace da al'adarmu ba, kuma ba ka san ta inda za ka kama ba.

Ya dace, rubuta mata. Kunyar da muka gada ta gaban mutane ce. Ita ce ta sa mace ba ta kiran sunan mijinta sai ta ce Malam ko maigida, ita ce ta sa uba yake kauce wa sunan ɗan fari. Babu wanda ya ce a kai wannan kunyar har cikin ɗaki. Abin da al'ada da addini suka tsare shi ne sutura, domin a cikin Sahihu Muslim akwai hadisin da ya yi kakkausan gargaɗi ga mai yaɗa sirrin da ke tsakaninsa da matarsa. To waƙar nan ta kunnenta ce ita kaɗai. Ba a rera ta gaban surukai, ba a ɗora ta a Facebook.

Fara da abin da za ka faɗa, kafin ka damu da kari, wato ma'aunin tafiyar waƙa. Ɗauki takarda ka rubuta abubuwa goma da idonka ya gani a shekarun nan: daren da ta kwana zaune da yaro yana zazzaɓi, yadda take tarbar mahaifiyarka, watan da aljihu ya bushe ta rufa asiri ko maƙwabta ba su ji ba, yadda take rage murya idan ta ga ka dawo a gajiye. Ka zaɓi huɗu ko biyar. A nan yawancin samari suke zamewa, sai su cika waƙa da tauraruwa da zinariya da farin wata. Waɗannan kowace mace ta ji su a rediyo, kuma tana jin su za ta gane rigar aro ce. Abin da ke sa mace ta sunkuyar da kai tana murmushi shi ne ta ji an lura da wani abu da ta ɗauka babu wanda ya gani.

Ga mai koyo, ƙwar biyu ta fi, wato kowane baiti ɗango (layi) biyu. Baiti bakwai zuwa goma sun isa. Ƙwar biyar tana da daɗin ji, amma tana neman amsa-amo, wato ƙarewar ɗangogi da sauti ɗaya, iri biyu: ƙarami a ɗango huɗun farko, wanda yake canzawa daga baiti zuwa baiti, da babba a ɗango na biyar, wanda ba ya canzawa har ƙarshen waƙa. Bar ta sai hannunka ya faɗa. Kafin ka gina ɗango ko ɗaya, zaɓi gaɓar da za ka riƙa ƙarewa da ita, kamar -wa ko -na ko -ki, ka jera kalmomi ashirin masu wannan ƙarshen. Wanda bai yi haka ba, a baiti na huɗu kalmomi suke ƙare masa, sai ya jawo wadda ba ta da alaƙa da zancen don kawai ta dace da amsa-amo, ko ya murɗe jimla ta zama ba Hausa ba.

Kari shi ne ƙashin bayan waƙa, a nan nake so ka natsu. Gaɓoɓin Hausa iri biyu ne. Akwai mai sauƙi, baƙi da gajeren wasali, akwai mai nauyi, wadda wasalinta ke da ja ko ta ƙare da baƙi. Rubutun boko ba ya nuna jan wasali, shi ya sa fara ta ci da fara ta launi suke kama a takarda, alhali ta farko "fa" ɗinta ja gare shi. Don haka da kunne ake auna waƙa. Duba wannan:

Idan na yi nisa, nakan so ganinki,
Idan na iso, sai na gane dakanki.

Kowane ɗango gaɓa 12 ne, kuma tafiyarsu ɗaya: mai sauƙi ɗaya, masu nauyi biyu, har sau huɗu. Wannan shi malaman aruli, wato ilimin auna waƙa, suke kira Mutaƙarab, ɗaya daga cikin karuruwan da marubutanmu suka ɗauko daga Larabci. Yanzu cire "nisa" ka sa "tafiya". Ma'ana ba ta canza ba, amma rera ka ji, harshenka zai yi tuntuɓe, domin masu sauƙi sun taru a inda ake jiran masu nauyi. Wannan shi ne karaya. Maganinta a sake kalma, kada ka ja wasalin da ba shi da ja don ka cike gurbi. In aruli ya yi maka nisa, ɗauki muryar wata waƙar daka ko ta niƙa da ka sani tun kana yaro ka ɗora kalmominka a kanta, marubuta da yawa haka suka yi. Ka rera kowane ɗango sau uku kana buga yatsa a gwiwa, duk inda ka ji kana haɗiye gaɓa to akwai gyara.

Buɗe da sunan Allah da salati a baiti ɗaya, ka rufe da addu'a gare ta da iyayenta. Ka kiyaye kalmomin begen Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, domin masu bege suna da lafuzzan da ba a ba wani mahaluki su. Sunanta kuwa, sa wanda kake kiranta da shi ku biyu. Siffar jikinta ka taƙaita, takarda tana iya faɗawa hannun yaro ko baƙo. Kada ka yabe ta ta hanyar rage wata, ko 'yar'uwarta ko matar abokinka, kuma kada ka saƙa ƙorafi a cikin yabo. Habaici ko ɗaya ya shiga, shi kaɗai za ta riƙe ta manta sauran baitocin.

Idan ka gama, ajiye ta kwana biyu ka sake rerawa, za ka ji karayar da ta ɓuya maka. Sai ka kwafe ta da hannunka a takarda mai kyau, da boko ko da ajami, wanda ta fi sabawa da shi, ka sa kwanan wata a ƙasa. Bayan isha'i, yara sun yi barci, ka rera mata da bakinka sannan ka miƙa mata takardar. In ta rufe fuska da mayafi ko ta yi dariya, kada ka tsaya, ci gaba har baitin ƙarshe.

Ka turo mini baiti biyun farko kawai in duba maka karin, sauran nata ne. A gaida ta da yaran.

Kawunka.